Ranar da Na Kira Ɗan Farina Daga Kan Dutse

Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. Idan yana son ruwa sai ya ce, "Kai, wancan." Idan baƙo ya tambaye shi ni ɗan wane ne, sai ya nuna wajen shanu da sanda ya ce, "Na cikin gidan nan ne." Ni ne ɗan farinsa, kuma a rugarmu da ke bayan Yangoji mutumin kirki ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa. Fulako ke nan. Ban taɓa jin ciwon abin ba, domin na san inda ƙaunarsa take ɓuya. Idan damina ta yi nisa za mu haye kogi da garke, ni yake ba wutsiyar babban bijimi in riƙe, shi kuma ya yi iyo ta gefen da ruwa zai kai ni in hannuna ya suɓuce. Bai taɓa cewa ga dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Boko ya raba ni da shanu. Na yi karatu, na sami aiki a wata ma'aikatar tarayya, na gina ɗan gidana a Gwagwalada, na shiga sahun masu sammakon bin hanyar filin jirgi zuwa cikin gari. Na iya ɗaura laktaye, na iya rubuta takardar da za ta yi wata uku tana yawo daga tebur zuwa tebur ba ta ce komai ba. Amma ranar da matata ta haihu, ma'aikaciyar asibiti ta miƙo mini jariri a cikin tawul, sai na ga hannayena sun koma bayana da kansu. Matata 'yar Zariya ce, iyayenta malaman makaranta, ba ta san wannan karatun ba. Daga kan gado ta ce, "Malam, ɗanka ne fa, ba maciji ba." Ranar suna ma ban furta ba. A takarda na rubuta na miƙa wa liman.

Daga baya Allah ya ba mu 'yan mata uku. Su kam na more su. Na goya, na yi musu doki a tsakar falo, na kira sunayensu har maƙwabta suka haddace. Idan na biyo ta Zuba na sayo mangwaro, sai in zaɓi mafi kyau in ba ƙaramarsu in ce, "Kai wa yayanki." A ganina na gama magana ke nan, tunda ni da irin wannan aka yi mini, kuma na gane. Na manta cewa ni a bayan shanu na tashi, inda kowane ɗan fari haka ake yi masa. Shi kuwa ya tashi cikin yaran da iyayensu ke zuwa makaranta su rungume su a gaban kowa. Ranar da ya gama sakandare ya zo na ɗaya, aka kira shi ya karɓi kyauta, na ga yana waige-waige cikin jama'a. Ina can baya ƙarƙashin wata dalbejiya, ƙirjina kamar zai fashe don murna, amma ban ɗaga hannu ba.

Ya tafi Dakar karatun ilimin teku, ya gama, ya zauna. Sallah uku ba mu gan shi ba. Duk Juma'a yana kiran uwarsa su yi ta hira, a ƙarshe ya ce, "A gaida Baba." Ni kuma in ce, "Ina amsawa," ba tare da na karɓi wayar ba.

Wata Asabar ina cin tuwo da rana, matata ta zo ta zauna kusa da ni da wayarta. Ta fara nuna mini wani hoto mai motsi: ga ruwa ya tashi ya fi soron gidanmu tsayi, ga wani mutum tsaye a kan allo yana sulalawa a jikinsa, ga baƙaƙen duwatsu a gefe. Na ce, "Wannan wane mahaukaci ne?" Ta ce, "Naka ne." Kafin in haɗiye lomar da ke bakina ta danna wani saƙon murya, kuma na san da gangan ta ƙure sautin. Ta tambaye shi ne ko zai zo bikin ƙanwarsa da za a yi bayan Babbar Sallah. Muryarsa ta fito a hankali, ba faɗa a ciki, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ya ce, "Mama, zan aiko da saƙo. Amma me zan dawo in yi? Shekarata ashirin da bakwai a duniya, ban taɓa jin mutumin nan ya kira ni ba. Ni fa ban tabbata ya san sunana ba."

Na ture kwanon. Na ce, "Ni ban san sunansa ba? Wa ya zaɓa masa?" Na yi ta faɗa, na kawo tarbiyya, na kawo yaran zamani, na kawo kowa ya bar gida gida ya bar shi. Ta bar ni na gaji don kaina, sannan ta ce, "To ka je ka gaya masa. Ni na gaji da zama masinja tsakanin mutum biyu masu baki." Ta ɗauke kwanon ta fita.

Ranar Litinin na nemi hutu. Abokin zamana a ofis ya leƙo ya ce, "Oga, Dakar kuma? Wokshop ne? A sa sunana mana." Na ce masa ziyara ce. Na biya ta Yangoji na sallami Inna, mahaifiyata, wadda har yanzu ta ƙi zaman gari. Ita da yake jikanta ne, wasa ne tsakaninsu, ta ɗauko man shanu a kwalba ta ce, "Kai wa angona, ka ce amarya ta tsufa tana jira." Ban gaya mata abin da zai kai ni ba, don ni kaina ban san me zan yi in na je ba. A raina dai zan je in ɗauko shi ne, kamar yadda ake komawa daji a nemo ɗan maraƙin da ya ɓace.

Ya tare ni a filin jirgi, ya durƙusa ya gaishe ni, ya karɓi jaka. Ya yi baƙi, kafaɗunsa sun buɗe. Muka yi maganar hanya, muka yi maganar zafi, muka yi maganar tsadar shinkafa, sai magana ta ƙare tun ba mu kai gida ba. Kwana bakwai na ɗebo, na fara tunanin sun yi yawa.

Washegari bayan sallar asuba ya ce zai je ruwa kafin ya wuce aiki, ko zan zo in gani. Wurin wani dogon hancin dutse ne baƙi da ya kutsa cikin teku. Raƙuman ruwa suna tasowa daga can nesa, su bugi ƙarshen dutsen, sannan su karyo su bi gefensa suna warwarewa a hankali har bakin yashi, kamar ana shimfiɗa tabarma. Masu hawa suna zaune a kan allunansu a bayan ƙarshen dutsen, inda ruwa ke fara karyewa. Sai dai daga nan ba sa ganin abin da ke tafe, dutsen ya tare musu. Don haka akwai wani tsoho masunci da ya daina fita kamun kifi, yana zama a can sama yana ɗinkin koma, shi ke hango musu. Ya san layin kowa. In ya ga babba na zuwa sai ya kwala sunan mai layi, shi kuma ya kwanta a kan allo ya fara tuƙi da hannu tun bai ga komai ba. Babu mai tsallake wani, babu mai gardama da tsoho.

Na tsaya a yashi na ga an kira ɗana. Na ji sunan nan a bakin wani ƙato, a ƙasar wasu, ana kwala shi kamar ba komai ba. Ya tuƙa sau huɗu ko biyar, ruwan ya ɗaga bayan allon, sai kawai na gan shi tsaye. Ya gangaro, ya karkata, yatsunsa suna shafar jikin ruwan, duwatsu suna wucewa kusa da shi har na rufe ido ɗaya. Ya yi nisa ƙwarai kafin ruwan ya mutu, ya zame ya kwanta. Na ji daɗi har cikin ƙashina. Da ya fito yana ɗigar ruwa ya dube ni, abin da na iya cewa shi ne, "Ba sanyi?"

A rana ta uku girman kai ya ja ni. Na ce ai ni na haye Gurara da damina tun ban kai shekara goma ba, wannan ruwan gishirin ba zai gagare ni ba. Ya yi murmushin da ya ɓoye, ya samo mini wani dogon allo mai faɗi da rigar roba. Ba zan bayyana yadda tumbin ma'aikacin gwamnati yake a cikin rigar roba ba, akwai mata masu karatu. Ya kai ni can ciki wajen yashi, inda ruwan ya riga ya gaji kuma masu koyo suke. Iyo kam na ba shi mamaki. Na ga ya kalle ni sau biyu da na nutse ta ƙarƙashin kumfa na ɓullo a gabansa, na ce a raina, yaro, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, daga wani wuri ka samo.

Matsalar a wani wuri take. Mu biyar ne a jere muna jira. Ruwa ya taso daidai inda nake, ɗana ya ce, "Baba, tafi!" Na duba damana na ga wani dattijo Bature mai furfura, na ga bai kamata in riga shi ba, na nuna masa da hannu na ce bismilla. Ya tafi. Wani ya taso, na ga wata yarinya ta daɗe tana jira, na ce bismilla. Na uku ma na bar wa wani, don kada a ce baƙo ya zo da zalama. A gidanmu ko yunwa za ta kashe ka, ba ka sa hannu a akushi sai an yi maka tayi sau uku. Na shafe kusan awa guda ina rabon ruwan Allah kamar mai rabon goron ɗaurin aure, har mutanen suka gane suka riƙa matsowa kusa da ni.

Ɗana ya tuƙo ya zo gefena, ya riƙe hancin allona. Ya ce, "Baba, wannan fa ba tuwo ba ne. Sau ɗaya yake tayi. In ka ce alhamdulillahi, ya wuce, kuma shi wannan ɗin ba zai sake dawowa ba." Ya faɗa yana dariya, amma da ya gama sai dariyar ta ɗauke, ya kawar da kai. Ni ma na kalli wani wajen.

Na gaba da ya zo na bi shi. Allon ya ɗauke ni da gudun da ban yi zato ba, na durƙusa, na miƙe, na tsaya tsawon faɗin bismilla, sannan sama ta koma ƙasa. Na sha ruwan gishiri na ƙoshi. Garin miƙewa na taka wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke maƙale a jikin dutse, ƙayoyin suka karye a tafin ƙafata. Ya kama ni muka fito. Ya zaunar da ni a yashi, ya ɗora ƙafata a cinyarsa, ya ɗauko allura ya shiga cire su ɗaya bayan ɗaya. Rabon da jikina ya taɓa nasa har na manta. Ina kallon tsakiyar kansa, inda gashin ya yi 'yar murɗiya irin ta mahaifina. Na so in ce wani abu. Da ya gama na ce, "Sannu." Ya ce, "Yauwa, Baba."

Tunda ƙafa ta hana ni ruwa, sai aka haɗa ni da tsoho a kan dutse. Ashe uwarsa Bafillatana ce, yana da ɗan Fillanci irin nasu na can. Nasa da nawa sun yi hannun riga a wurare da yawa, amma da shi da nuni muka fahimci juna. Ya koya mini kallon ruwa. Ba kusa ake kallo ba, can inda teku ta haɗu da sama ake sa ido, sai ka ga wasu layuka sun yi duhu. Ba sa zuwa ɗaya-ɗaya, ƙungiya suke yi, uku ko huɗu, sannan a yi shiru. Na farko ba shi ne babba ba. Ban daɗe ba na gane ai wannan aikin na sani. Wanda ya tashi yana hango garke daga nesa, yana gane wace saniya ce a gaba tun tana ɗigo, ba a koya masa sa ido. Kafin azahar ina riga tsoho gani. Ya buga cinyata ya yi dariya, haƙoransa uku suka fito.

Sai ya tambaye ni, "Wanne ne naka a cikinsu?" Ya sani sarai, so yake ya ji. Na nuna da haɓa na ce, "Na cikin ruwan nan ne." Ya ajiye komarsa ya dube ni da kyau. Ya ce, "Ɗan fari?" Na ce e. Ya girgiza kai ya ce ya san wannan ciwon, a gidansu ma akwai shi. Ya ce, "Uwata da sunana a bakinta ta mutu, ba ta fitar ba. Na san tana sona. Amma ga ni da furfura, har yau ina so in ji yadda zai fito." Ya ɗauki komarsa ya ci gaba da ɗinki, ya bar ni da maganar.

A rana ta biyar muna cin shinkafa da kifi na yi ƙarfin hali na ce, "Bikin ƙanwarka bayan Sallah ne." Ya ce, "Na ji, Baba. Zan aiko da saƙo." Na ce, "Saƙo ba ya zama a hoto." Ya ce, "Aiki ya yi yawa." Na san ƙarya ce, ya san na sani. Raina ya ɓaci, na ji kamar in ce masa na bar ofis, na hau jirgi, na sa rigar roba, na taka ƙaya, duk wannan bai isa ya gane ba? Amma na tuna mangwaron Zuba. Shekara da shekaru ina aika masa saƙo ta hannun wasu, yau shi ma ya ce zai aiko, ban ga bakin ƙorafi ba. Muka gama cin abinci muka tashi.

Ranar ƙarshe, jirgina na yamma ne. Tun daga gida muke jin rugugin teku, ya ce yau manya ne suka zo. Mutum shida kawai suka shiga, waɗanda suka amince da kansu. Na hau dutse da ɗingishi na zauna kusa da tsoho. Ba a jima ba kwalekwalen 'ya'yansa ya dawo daga kamun kifi, ga ruwa ya yi ƙarfi, ana neman hannu a ja shi tudu. Ya miƙe, ya nuna mini mutanen ruwa ɗaya bayan ɗaya ya maimaita mini sunayensu da layinsu, ya dafa kafaɗata ya sauka. Kafin in ce wani abu ya yi nisa.

Na farko da na biyu ba su ba ni wuya ba. Sunaye ne da ban taɓa ji ba, na murɗe su yadda harshena ya ga dama, masu su suka gane suka tafi. Har na fara jin daɗin aikin, ina cewa a raina abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle yana zaune a cikin ruwa. Na uku ya wuce. Sai layi ya zo kan ɗana.

Na hango raƙumin ruwan tun daga nesa, ya fi duk na safiyar nan kyau. Na miƙe tsaye. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kai! Kai, wancan!" Kawuna suka ɗago gaba ɗaya. Mutum biyu suka fara tuƙi lokaci guda, kowa yana zaton da shi nake, suka kusa karo, suka janye. Ruwan ya wuce ba kowa a kansa, ya je ya fashe a banza. Wani ya ɗaga hannu yana faɗa da yarensu. Ɗana ya ɗago ya dube ni daga can ƙasa, kallon da na gani a ranar kyautar makaranta, sai dai yanzu ya same ni. Sannan ya kwanta a kan allonsa ya juya hancinsa wajen yashi. Fita zai yi.

A nan na gane cewa in ya taka yashin nan, zai raka ni filin jirgi, ya durƙusa ya yi mini sallama da ladabi, shi ke nan na rasa shi. Ba wani haɗari a ruwan, ba dutse ne zai buge shi ba, balle in ce dole ce ta sa. Da haɗari ne ma da ya fi mini sauƙi. Na duba nesa na ga wani layin ya yi duhu. Na ji kunya ta rufe ni kamar an tuɓe ni a kasuwa, na ji kamar mahaifina yana tsaye a bayana da sandarsa. Na ce Allah ya jiƙanka, Baffa, ka yafe mini. Na cika ƙirjina da iska na kira ɗana da sunansa.

Ya tsaya cak. Bai tuƙa ba, bai juya ba, ya saki hannuwansa a cikin ruwa yana kallona baki buɗe. Raƙumin ruwan ya zo ya ɗaga shi ya sauke ya wuce abinsa, shi ma aka yi asararsa. Mutanen ruwa suka ɗau ihu, yau ga mai kira ya haukace ga mai hawa ya shanye. Ni kuwa da na ga sama ba ta faɗo ba, sai na ji bakina ya saki. Na uku yana tafe, shi ne babbansu. Na sake kiran sunan, na ƙara da, "Juya! Naka ne! Tafi!"

Ya juya. Ya tuƙa kamar ana korarsa, ruwan ya ɗauke shi, ya miƙe. Ya gangara har ƙasa, ya hau, ya sake gangarowa, sannan leɓen ruwan ya rufo ta kansa ya ɓace mini. Sai ga shi ya ɓullo ta ɗaya bakin, tsaye, hannu a sama. Ina ta kiran sunan nan ina tsalle da ƙafa ɗaya, ni da nake mataimakin darakta, har tsoho ya tsaya daga wajen kwalekwale yana kallona.

Bai koma layi ba. Ya fito ya hawo dutsen da allonsa a hammata, ya zauna kusa da ni, ruwa yana zuba daga jikinsa yana jiƙa mini riga. Can ya ce, "Baba, ashe haka yake a bakinka." Na ce, "Ni na zaɓa maka shi. Tun kana ciki na zaɓa." Ya sunkuyar da kai. Na ce masa gishiri ne ya shiga idona, alhali ko ɗigo bai taɓa ni ba a ranar. Na gaya masa maganar wutsiyar bijimi, da dalbejiyar makarantarsu, da mangwaro. Ban iya jera su da kyau ba, amma ya saurara. Ban tambaye shi zancen biki ba, shi ma bai ɗauko ba.

Da na dawo Abuja na je Yangoji in kai wa Inna saƙon angonta. Na same ta tana gyaran ƙwarya a inuwa. Na zauna a ƙasa na gaya mata abin da na yi, ina jiran faɗa, don a wajenta wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne. Ta juya ƙwaryar tana kankarewa. Sannan ta ce, "A gaban mutane?" Na ce a gaban mutane, har da Turawa. Ta ce, "Allah ya shirye ka." Ta ci gaba da aikinta, har na ɗauka magana ta ƙare. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Baffanka ma yana kiran suna. Shekarar da aka kai ka makarantar kwana, in ya tafi kiwo sai ya yi ta kiran naka. Na sha jin sa in na kai masa fura. Shanu yake gaya wa." Na kai shekara hamsin da biyar ban san wannan ba. Na tashi na zaga bayan bukka na daɗe a can.

Ban rubuta sunan a nan ba, kuma ba zan rubuta ba. Baki ya saba, hannu bai saba ba tukuna.

Saura kwana huɗu biki matata ta ce in shirya, akwai wanda za mu ɗauko a filin jirgi. Muka tsaya a cikin cunkoson masu tarba, kowa yana miƙa wuya. Na hango ɗana tun yana can ciki, yana tura kaya yana waige-waige cikin jama'a. Matata ta ɗaga hannu za ta kira shi, na riƙe hannun na ce, "Bari." Na kira shi da ƙarfi, har wani ɗan sanda ya juyo. Daga can cikin mutane na ji ya ce, "Na'am, Baba."